Shago Na Bakwai

"Kin gani da idonki, ko sai na ara miki nawa?"

Auta ta ƙara laɓewa. Tana tsaye bayan ginshiƙin ƙofar kafteriyar jami'a, ta rungume littattafanta a ƙirji, idanunta suna can kan tebur na ƙarshe kusa da taga.

Shi ne.

Dogo ne, saurayinta, da farar rigarsa ta ɗakin gwaji a kafaɗa. A gabansa ga robar abinci mai murfi, wadda ita da kanta ta ƙulle masa a leda ko rabin awa ba a yi ba.

"Na gaya miki tun shekaranjiya kika ce sharri nake masa," in ji Rediyo, ƙawarta tun ajin farko, wadda ta samo sunan saboda labari ba ya kwana a bakinta. "Tsaya ki ga sauran."

Sauran kuwa ya zo da ƙafarsa. Gimbiya ce ta shigo, 'yar ajinsu Dogo, tana taku ɗai-ɗai kamar ita ta gina jami'ar. Gwaggonta ce ke riƙe da kafteriyar, shi ya sa ko layi ba ta bi. Ta ja kujera ta zauna a gabansa tana murmushi.

Ya tura mata robar.

Ta karɓa, ta yi wani ɗan rubutu a kan murfin, ta saka a wani ƙaramin akwati shuɗi da ta zo da shi, ta rufe.

"Har da mazubinta take zuwa!" Rediyo ta dafe ƙirji. "Ke, wannan ai ba yau aka fara ba."

Abin da ya ƙarasa karya zuciyar Auta shi ne abin da ya biyo baya. Dogo ya tashi ya je kanta, ya sayo shayi da burodi, ya dawo ya hau ci hannu baka hannu ƙwarya, kamar wanda ya wuni bai ga abinci ba.

Shayi da burodi!

Ita kuwa tun asuba take tsaye a kan ƙafarta saboda abin da ke cikin robar nan.

"Mu je ki ci masa mutunci a gabanta," in ji Rediyo.

"A'a." Auta ta girgiza kai. "Sai na san iyakar abin tukuna."

*

Duk ɗalibin da ya fita ta ƙaramar ƙofar jami'a ya san layin masu abinci. Akwai mai taliya, akwai mai soya ƙwai da dankali, akwai wani sabon wuri mai kujerun ƙarfe da kiɗa inda masu son a gan su ke zama. A ƙarshen layin, ƙarƙashin rumfar kwano, nan shagon Mama, mahaifiyar Auta, yake. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun rasuwar mahaifin su Auta. Da shagon aka ci, da shi aka sha, da shi Auta ta shiga jami'ar da take kallo ta kan katanga tun tana ƙarama.

Mama ba ta da allon talla, doka ɗaya gare ta. Ba ta girka babbar tukunya. Ƙananan tukwane take ɗorawa, sau uku a rana, kuma abincin da ya yi awa biyu a sauke ba ya shiga cikin ɗan kowa. Masu wanke-wanke sun sani, Auta ta sani, har kuliyar layin ta sani.

A nan Auta ta fara ganin Dogo, wata takwas da suka wuce, yana cin shinkafar Mama hawaye na zubo masa saboda barkono, amma kunya ta hana shi ajiye cokali. Ta kai masa ruwa tana danne dariya.

"Gobe in ka zo zan ware maka kafin a zuba barkono," ta ce.

Ya zo goben. Ya zo jibi. Daga nan sai ya zama ba ya ganin kowace ƙofa sai ta shagon Mama.

Sai dai akwai abin da bai sani ba, Mama ma ba ta sani ba. Mama tun a mai take soya barkononta, babu wani ware wa. Don haka Auta ce ke tashi da asuba a gida, ta dafa masa tasa shinkafar daban, da kifi ko da ƙwai, ta zuba a wata tsohuwar kula mai ruwan toka, ta ɓoye bayan buhunan da ke ɗakin ajiyar shago kafin ta wuce lakca. Ƙarfe huɗu idan ya fito daga ɗakin gwaji, sai ta shige bayan labule ta juye masa a faranti. Kwanakin baya robar murfin kular ta tsinke, ta samu tsumma mai tsabta ta riƙa cusawa, ta ci gaba da abinta.

Duk ranar da ya ce, "Kai, hannun Mama daban ne," sai ta sunkuyar da kai tana jin daɗi har cikin ƙashinta. Ta riga ta tsara ranar da za ta gaya masa. Sai an sa musu rana, ta dube shi ta ce, ai tuntuni hannuna kake ci.

To ga shi yau hannun nata yana cikin akwatin Gimbiya.

*

Washegari ƙarfe huɗu ya shigo, ya gaida Mama har da rusunawa, ya zauna a bencinsa na kullum.

"Autata, hasken layin nan. Ya lakca?"

"Lafiya."

"Zuba min a roba, don Allah. Akwai aikin da na bari."

Mako uku ke nan yana faɗin haka. Ta tsaya ta ƙare masa kallo. Ya rame, idanunsa sun faɗa, kuma ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Na jiya fa? Ka ci?"

"Tas na cinye."

"Kifin bai yi gishiri ba?"

"Ina! Kifin ma ya fi komai daɗi."

Ƙwai ta sa masa jiya.

Ta rufe robar ta ƙulle a leda. Ashe haka ƙarya ke fita daga bakinsa sumul, ko gargada babu?

"Wai ni kam," ya ce yana wasa da cokali, "ruwan da kuke girki da shi, daga ina ake kawowa?"

"Famfo. Me ya faru?"

"Babu komai. Shinkafar rana fa, ƙarfe nawa Mama ke saukewa?"

"Yau kuma tambayoyin jarrabawa ka zo da su?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Can sai ya miƙe ya nufi labulen.

"Bari in leƙa in ga inda ake haɗa mana daɗin nan."

Gabanta ya faɗi. Kular tana nan bayan buhu, murfinta a buɗe. Ta yi wuf ta tare ƙofar da hannu biyu.

"Ba a shiga!"

"Ni ma?"

"Kai ma. Musamman kai."

Ya tsaya yana dubanta, wani irin kallo da ba ta taɓa gani a idonsa ba, kallon wanda ya zo neman abu kuma ya fara jin ƙanshinsa.

"Auta... akwai abin da kuke ɓoyewa a ciki ne?"

"Kai fa? Akwai abin da kake ɓoyewa a waje?"

 Ya karɓi robarsa ya fita, ta bi bayansa da ido har ya shige ƙaramar ƙofa.

Da yamma ta kwashe komai ta gaya wa Rediyo.

Rediyo ta tafa hannu. "Shi ke nan, na gano! Ba soyayya kaɗai ba ce, leƙen asiri ne. Gwaggon Gimbiya kullum kuka take ɗalibai sun guje mata sun koma waje. So suke su san sirrin girkin Mama. Shi yana kai musu, su suna ɗanɗanawa."

"Dogo ba zai yi min haka ba."

"Wanda ya ci kifi a cikin ƙwai?"

Auta ta kawar da kai. Tun daga ranar komai nasa ya zama abin tuhuma a wurinta. In ya yi murmushi ta ce na munafunci ne, in ya yi shiru ta ce shiri yake. In wayarsa ta yi ƙara ya kife ta, sai ta ji kamar ta fizge ta jefa a tukunyar miya. Duk da haka ba ta fasa tashi da asuba ba. Tana yanka albasa tana kuka, tana cewa albasar ce.

*

Ranar Litinin abin ya fashe.

Auta na cikin lakca ta ga kawuna suna juyowa suna kallonta. Rediyo ta miƙo mata waya ta ƙarƙashin tebur.

Hoton wata takarda ce ke yawo a guruf-guruf na ɗalibai. Sakamakon gwajin abinci daga wurare goma sha biyu na ciki da wajen jami'a, kowanne da lambarsa. Goma sha ɗaya lafiya lau. An zagaye na bakwai da jan biro, sau uku aka gwada, sau uku aka samu ƙwayar cuta mai sa amai da ciwon ciki. A gefe wani ya rubuta da hannu: shagon ƙarshen layi, na rumfar kwano.

A ƙasan takardar ga sunan ɗalibin da ya tattaro samfurin.

Ba ta san lokacin da ta fita daga ajin ba.

Ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da a da sai ka ture wani kafin ka samu wurin zama, ta tarar da bencina a bushe. Tukunya na tururi, masu wanke-wanke sun yi tagumi. Ɗalibai na wucewa ta gaban shagon suna rage murya. Mama na zaune da ludayi a hannu, ga wata wasiƙa a cinyarta.

"Karanta min," ta ce. "Idona ba ya gani yau."

Kwamitin da ke kula da abincin ɗalibai ne. Ranar Alhamis za su zauna. In abin ya tabbata, za su cire shagon daga jerin wuraren da suke nuna wa ɗalibai, su kuma miƙa maganar ga jami'an lafiya, a rufe.

"Shekara goma sha ɗaya," Mama ta ce a hankali. "Ko ɗan mutum ɗaya bai taɓa dawo min riƙe da ciki ba. Wane ne ya yi min wannan?"

 Ɗaya daga cikin masu wanke-wanke ce ta faɗa mata Dogo ne.

Mama ta juyo ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta.

"Wannan mai rusunawar? Wanda nake cewa a ƙara masa nama?"

"Mama..."

"Na ga take-takenku tuntuni na yi shiru, na ce yaron kirki ne. To ki buɗe kunnenki. In dai ni na haife ki, babu ke babu shi. Ko sunansa na ji a bakinki, ban yafe ba!"

Auta ta shige bayan labule ta zube a kan buhu. Kuka take, amma haushin kanta ya fi kukan yawa. Ita ta jawo shi, ita ta zaunar da shi, ita ta riƙa ciyar da shi yana auna inda zai sare su.

Wayarta ta yi ta ƙara. Kira tara, duk na Dogo. Ta kashe ta.

*

La'asar ta yi sai ga shi da kansa, ba farar riga, gumi ya jiƙa masa baya. Auta na bayan labule, ta ji sallamarsa, ta leƙa ta ɗan yagewar da ke jikin yadin.

Mama ta miƙe da ludayinta.

"Ka zo ka ga ko mun mutu ne?"

Ya durƙusa a ƙasa, a gaban mutanen layi da suka fara taruwa.

"Mama, ki ba ni minti biyar. In na gama ki yi min duk abin da kika ga dama."

"Ni ba mamarka ba ce. Faɗi ka tafi."

"Aikin kammala karatuna ne. Farfesa ya ce mu bi wuraren cin abinci goma sha biyu, mu saya kamar kowane ɗalibi, kada mai wuri ya sani, don kada a gyara mana na musamman. Ni nake sayowa, Gimbiya ke sa lamba ta kai ɗakin gwaji a akwatin ƙanƙara. Wallahi da na sa shagonki a ciki, alfahari nake. Na ce naki ne zai zo na ɗaya."

Akwatin ƙanƙara. Auta ta runtse ido. Ashe shuɗin akwatin ke nan.

"Da sakamakon farko ya fito ban yarda ba. Na sake, na kuma sakewa. Na roƙi Gimbiya kada ta kai wa Farfesa sai na gano inda matsalar take, in zo in gaya miki a asirce ku gyara. Ta ce to. Jiya ta ce min in dai ina son ta yi shiru, in daina zuwa layin nan gaba ɗaya. Na ce ba zan iya ba. Yau na wayi gari na ga takardar a waya."

"Ƙarya ce takardar!"

"Na so a ce ƙarya ce, Mama." Muryarsa ta karye. "Ni kaina sau biyu ina kwanciya a asibitin makaranta watan jiya. Ban gaya wa Auta ba don kada hankalinta ya tashi. Shi ya sa na daina ci."

Auta ta dafe bango. Kwana biyun nan da ya ce mata ya je gida gaida mahaifiyarsa...

"Na duba ruwanku, lafiya lau. Na sa ido a kan wanke-wanke, babu laifi. Abu ɗaya ya rage. Irin wannan ƙwayar cutar a shinkafa take yaɗuwa, in an dafa an ajiye ta da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, ta yi awa bakwai ko takwas."

Mama ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Awa takwas? A shagona? Ku ji min yaro! Tambayi duk layin nan, tukunyata ba ta awa biyu a ƙasa. Ka rasa ƙaryar da za ka yi sai wannan?"

"Gaskiya ne," in ji mai taliya daga bakin ƙofa. "Wannan kam sharri ne."

A bayan labule, Auta ta juya a hankali.

Kular tana nan inda ta ajiye ta, bayan buhu na biyu, tsumma ya leƙo ta gefen murfin.

Daga asuba zuwa ƙarfe huɗu.

Ta ƙirga da yatsunta, ta sake ƙirgawa. Ba Gimbiya ba ce ta fara, ba Dogo ba ne. Ban da ranar farko, bai taɓa sayen abinci a shagon nan kamar kowane ɗalibi ba, domin ita ba ta taɓa barinsa ya zama kamar kowane ɗalibi ba. Abin da ya kai ɗakin gwaji sau uku, abin da ya kwantar da shi sau biyu, bai taɓa shiga tukunyar Mama ba.

Tana iya yin shiru. Babu wanda ya san da kular. Sai Dogo ya tashi a maƙaryaci, a kore shi, ita ta zauna a 'yar kirkin Mama, ranar Alhamis kuma a rufe shago.

"Tashi ka bar min wuri," Mama ke cewa a waje. "Kada in ƙara ganin..."

Labule ya ɗaga.

Auta ta fito rungume da kular, ta ajiye ta a kan tebur a tsakaninsu. Ta buɗe. Shinkafa da kifi, ko tururi babu.

"Mama, ba ƙarya yake ba."

"Mene ne wannan?"

"Abincinsa ne. Ni nake dafawa a gida da asuba, in ɓoye a ɗakin ajiya. Ba ya iya cin barkono, na ce masa ware masa nake daga tukunyarki. Wata takwas ke nan... bai ƙara cin naki ba tun bayan ranar farko."



Mama ta sa bayan hannunta a kan shinkafar, kamar yadda take taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Ta janye hannun.

"A shagona," ta ce. "A bayan buhuna. Ke da na koya wa dokar nan tun kafin ki iya ɗaura ɗankwali."

"Ki yafe min, Mama. So nake ya ci na hannuna, shi ke nan wallahi..."

Dogo yana durƙushe har yanzu, bakinsa a buɗe.

"Ke ce?" ya ce. "Duk wanda nake ta yabo... ke ce?"

"Ni ce na kwantar da kai a asibiti!" Ta fashe da kuka. "Ina ta zarginka, ina bin ka a baya har kafteriya, ashe ni ce!"

Mama ba ta daka mata tsawa ba, kuma hakan ya fi duka ciwo. Ta rufe kular, ta miƙa mata.

"Ɗauki. Gobe da safe ku kai wa malamin nasa. Bakin da ya faɗa min shi zai faɗa masa."

*

Farfesa dattijo ne mai gilashi a kan karan hanci. Ya saurare su har ƙarshe, ya dubi kular, ya dubi tsumman, ya cire gilashin ya goge.

"Na ce ka saya kamar kowane ɗalibi," ya ce wa Dogo. "Kai kuma ka je inda ake shiga bayan labule dominka. Tun ranar farko ya kamata ka gaya min kana da alaƙa da wurin, in tura wani. Da sakamakon ya fito kuma ka ɓoye min. Wannan babin za ka sake shi daga farko."

"Na amince, Farfesa."

"Ke kuma, 'yata, Allah ya taimake ki shi kaɗai kike so. Da mutum goma ne, da yanzu wani zancen ake."

Auta ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Ya sa aka kira Gimbiya. Ta shigo da yangarta, ta fita babu ita. Auta ba ta ji duk abin da aka faɗa ba, amma ta ji Farfesa na tambaya wa ya ba ta izinin fitar da sakamakon da bai sa wa hannu ba, kuma wa ya rubuta sunan shago a kan lamba. An cire ta daga aikin, aka tura maganarta gaba.

Ya nemi kwamiti su ɗaga zamansu da mako guda. Ya tura wasu ɗalibai biyu da ba a sani ba, suka sayi abinci daga tukunyar Mama a ranaku uku daban-daban.

Wannan makon shi ne mafi tsawo a rayuwar Auta. Mama na ɗora tukwanenta sau uku kamar kullum, ko da mutum biyar ne suka zo. Abin da ya yi awa biyu ta sa a kwashe, ba ta ko ƙifta ido. Tsakaninta da Auta kuwa sai "miƙo" da "ajiye". Dogo bai zo ba, saƙo ɗaya kawai ya turo mata.

"Rabin raina, ni ma na zarge ku. Mun yi canjaras. Ki ci abinci."

Ranar Laraba aka liƙa sabuwar takarda a allon sanarwa, da sa hannun Farfesa da hatimi. Shago na bakwai lafiya lau, sau uku. Kuskuren daga wajen ɗaukar samfuri ne. Rediyo ta ɗauki hotonta, kuma a karo na farko a tarihi bakinta ya yi rana, kafin azahar babu wayar da takardar ba ta shiga ba.

Ba duka suka dawo a rana ɗaya ba. Wasu har yau suna tsallake shagon. Amma ranar Alhamis da rana bencina uku sun cika, har da layi.

A ƙarshen layin Auta ta hango kai ya zarce na kowa.

Ya bi layi kamar kowa, da farantinsa a hannu. Da ya iso gaba, Auta ta kai hannu za ta karɓa, Mama ta ɗan buge mata hannun da ludayi.

"Matsa."

Mama da kanta ta zuba masa, daga tukunyar da aka sauke yanzun nan, ta malala miya ja wur a kai.

"Zauna nan inda zan gan ka."

Ya zauna. Cokali na farko ya yi shiru. Na uku hanci ya fara zuba. Na biyar hawaye suka wanke masa fuska, amma bai ajiye cokalin ba. Mama na tsaye a kansa ta harɗe hannu, sai da ya share farantin tas.

"Yanzu ka ci abincina," ta ce. "In an tambaye ka, sai ka faɗi abin da ka sani."

"Na gode, Mama."

Wannan karon ba ta ce ita ba mamarsa ba ce. Ta juya ga Auta, ta yi mata magana mai tsawo ta farko cikin kwana goma.

"Ke kuma, tunda girki kike son yi masa, ba a bayan buhu ake yi ba. A gidanki za ki yi, ki sauke a gabansa ya ci da zafinsa." Ta dubi Dogo. "In ka gama sake babin naka, ka ce wa manyanka ina nan. Ba na zuwa ko'ina, tukunya ce da ni a wuta."

Ta shige ciki.

Auta ta tsaya kamar an dasa ta. Sai da ta ji yana tari sannan ta farga, ta ruga ta kawo masa ruwa, har yana zuba.

"Ya yi daɗi?" ta tambaya, tana dariya tana share ido.

"Na daina yi miki ƙarya, Autata. Bakina kamar an kunna masa ashana."

"Nawa fa?"

Ya shanye ruwan, ya ajiye kofin, ya dube ta da jajayen idanunsa.

"Naki sau biyu yana kai ni asibiti, ina fitowa kuma nan nake dawowa. Me kike so in ƙara faɗa?"

Daga bayan labule muryar Mama ta taso.

"Auta! Mutane na jira!"

Ta tashi da gudu ta koma bakin tukunya. A kan teburin, inda kowa ke gani, tsohuwar kular mai ruwan toka tana zaune ba murfi. Mama ta wanke ta tas, ta cika ta da cokula.